Shanyar Kilishin Bikin Ummi a Barbados

Daga Woolwich zuwa Gatwick

Mun bar gida da duhun asuba, wata Litinin cikin watan Yuli, a farkon shekarun casa'in. Wanda ya san Landan da bazara ya san asubarta ba ta jiran kowa, kafin ka gama juyi a kan gado alfijir ya keto. Muka yi salla ni da maiɗakina Rabi, muka sauko da akwatuna daga flat ɗinmu, muka tarar Baba Saidu ya iso da motarsa ta haya, minicab. Mutumin zangon Kumasi ne, maƙwabcinmu. Ya ɗaga babban akwatin ya dire.

"Maigida, dutse ka sa ciki?"

"Ƙuli-ƙuli ne da kayan yaji."

"To, biki za ka ko kasuwa? Yarinya ya yi aure, kai kuma ka tafi talla."

Sunana Garba, ɗan mahauta ne ni daga Bichi, kuma a wani shagon naman halal nake aiki a kasuwar Woolwich. 'Yarmu Ummi, wadda na sa wa sunan mahaifiyata, nas ce. A asibiti ta haɗu da Yusuf, ɗan tsibirin Barbados, wanda ya musulunta tun yana ɗalibi. An ɗaura aure a Landan, suka koma garinsu da zama, sai danginsa suka ce za su yi liyafa su ga iyayen amarya. Da Yusuf ya bugo waya ya tambayi abin da za a tanadar mana, bakina ya riga hankalina, na ce a nemo sa kawai, zan yi musu kilishi irin na gidanmu. Ba a shiga ƙasar da nama, don haka a can zan yanka, a can zan shanya.

Gaskiyar magana, raina bai kwanta da wannan zama nata ba. Yaron ba shi da aibu, amma ban san mutanensa ba, kuma tsibirin da na gani a taswira bai kai ƙwayar gero ba. Muna wuce Croydon a hanyar filin jirgin Gatwick, Baba Saidu ya nuna dogon ofishin nan na biza ya ce nan ya tsufa a layi. Na yi dariya, amma hankalina yana wani wuri.

A cikin jirgi da sauka

Jirgi ya ɗaga da hantsi. Awa takwas da wani abu muna saman ruwa, babu gari babu tudu. Rabi ta riƙe carbi ta ƙi leƙa taga. Abincin da aka kawo, ni dai burodi da shayi na taɓa.

Da muka sauka, ana buɗe ƙofa iska ta mare ni. Ba zafin Kano ba ne, ba kuma sanyin Landan ba. Iska ce mai ɗumi da laima, tana turo mutum daga gefe guda ba ta fasawa. Hulata ta tashi, na cafe ta da ƙyar. A wurin kwastan wani jami'i ya buɗe akwatin, ya ɗauki ƙuli-ƙuli ɗaya ya juya shi.

"Wannan fa?"

"Gyaɗa ce aka matse mai aka soya."

Ya shinshina ƙullin yaji, ya yi atishawa har sau uku, ya rufe akwatin ya ce mu wuce.

Ummi da Yusuf suna jira a waje. Ta rungume uwarta, shi kuma ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, na gane ita ta koya masa. Ta yi baƙi, ta yi ƙiba kaɗan. Muka shiga motar Yusuf muka nufi gabashin tsibirin, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, cikin gonakin rake da ƙananan gidajen katako da aka ɗora a kan duwatsu. Na ga tumaki marasa gashi irin namu sak, na ji kamar in sauka in taɓa su. A hanya ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kafin in gama rufe gilashi ya ɗauke, rana ta fito. Na ɗauka tsautsayin ranar ne.

Gidan Mis Ayrin

Mahaifiyar Yusuf, Mis Ayrin, doguwar tsohuwa ce mai faɗin kafaɗa, mijinta masunci ne ya daɗe da rasuwa. Kirista ce mai zuwa coci, amma ta ja ni har kicin ta nuna mini sababbin tukwane da ta saya domin mu, ta ce waɗannan ba su taɓa ganin alade ba. Gidan yana kan tudu, yana kallon teku. Tagoginsa duk na filla-fillan katako ne, iska na shiga ta gaba ta fita ta baya. Da na tambayi alƙibla, Yusuf ya ce, "Baba, ka fuskanci inda iska take fitowa, ka ɗan karkata hagu."

Abincin da ta kawo ya ba ni mamaki. Tuwon masara ne aka tuƙa shi da kuɓewa a ciki, da miyar wani ƙaramin kifi mai fiffike. Rabi ta kai loma ta dube ni ta ce, "Malam, waɗannan mutanen daga gida suka zo." Aka ba mu wani abin sha na ɓawon itace, zaƙi a gaba ɗaci a baya. Na shanye don kara.

Talata muka huta, dangi suka yi ta zuwa. A cikinsu har da ƙanen Mis Ayrin, Ankul Sam, gajere mai babbar murya, wanda shi ya ba da san da za a yanka. Ya kai ni na gan shi, matashin sa ne ja, ya ƙoshi. Ya ce shekara biyu yana kiwonsa, kuma ya gaya wa duk ƙauyen cewa uban amarya zai yi naman Afirka da ba a taɓa ci ba a tsibirin. A kanti ma, da na je sayen albasa, mai kantin ta ce, "Kai ne mai naman?" A nan na gane abin ya wuce wasa. A cikin mutanen nan Ummi za ta zauna, mu kuwa mako guda za mu yi mu tafi. In na ɓata naman nan, sunan da za ta ɗauka ke nan, 'yar mutumin da ya lalata san Sam.

Laraba

Na yanka da sassafe, Yusuf da Ankul Sam suka kama mini fiɗa. Na ware cinyoyi biyu da tsokar gadon baya, sauran aka kai gidajen dangi don dafuwar liyafa, firjin gidan ma ya cika taf. Ankul Sam ya koma gonarsa, matan suka shiga bas zuwa babban gari sayayya. Na zauna a inuwa da wuƙata ina buɗe tsoka, falle-falle, har kana hango hasken rana ta ciki. Rabona da wannan aikin a ƙarƙashin sararin Allah tun ina saurayi a gaban mahaifina. A Landan a oven nake busarwa, abin da in tsohon ya gani sai ya tsine wa wuƙar. Raina ya yi fari ƙal.

Babu gadon kara, sai muka jera ganyen kwakwa a kan benci da tsofaffin ƙofofi a tsakar gida. Na shimfiɗa naman, rana ta buɗe, na koma gefe ina kallo kamar wanda ya haifi ɗa.

Can sai na ɗaga kai na ga gabas ta yi baƙi. A garinmu in gabas ta haɗa haka, magana ta ƙare: a kwashe shanya, a kora awaki, a rufe ƙofa, sai gobe. Na ƙwala wa Yusuf kira muka kwashe a guje. Ruwan ya zo ya wuce, bai kai tsawon raka'a biyu ba. Rana ta fito tana dariya. Muka sake shimfiɗawa. Kafin azahar haka ta sake faruwa, wannan karon ruwan ya riga mu, ya jiƙa rabi.

"Baba, haka yake yi a wannan watan," in ji Yusuf. "Zuwa yake ya wuce. Ko mu jira Mama ta dawo mu tambaye ta?"

"Yaro, tun ba a haifi babarka ba ake shanya nama a gidanmu."

Da hadari na uku ya taso, na ga bayansa wani na biye, bayan wannan ma wani, jere har ƙarshen teku. Na ce yau babu rana. Na jera naman a manyan robobi uku, na kai ɗakin ajiya na bayan gida, na rufe ƙofa da taga don ƙuda da laima. Da matan suka dawo na ce komai lafiya. Kunya ta hana ni cewa mahauci ya rasa yadda zai yi da nama.

Alhamis

Ina idar da sallar asuba na nufi ɗakin. Tun kafin in buɗe hancina ya gaya mini. Ɗakin ya yi zafi kamar an kwana ana girki, naman ya yi gumi. Robobi biyu na sama da sauran rai. Ta ƙasa, wadda ruwa ya fi jiƙawa, ta juya, ta yi yauƙi da kore-kore. Kashi ɗaya cikin uku ya tafi, saura kuma na kan hanya. Na zauna a bakin ƙofa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiyar ba.

Haka Mis Ayrin ta same ni, ta fito ba kaji hatsi. Ta dube ni, ta shiga ɗakin, ta ɗaga falle ɗaya ta shinshina, ta ajiye. Ta fita. Na ce shi ke nan, ta tafi tara mini jama'a. Sai ga ta da shebur.

"Mista Garba, ɗauko wannan robar. Yi sauri kafin yara su tashi."

Muka zaga bayan ayaba, na haƙa rami, muka juye, na mayar da ƙasa, ta jawo busassun ganye ta rufe wurin. Ta wanke robar da toka ta kife. Sannan ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Wa ya ce ka rufe nama a ɗaki?"

"Hadari na gani."

"Hadari kullum akwai shi. In za ka jira sama ta washe a nan, sai ka shekara. Mu ba rana ke busar mana da kaya ba, iska ce."

Ta kai ni wata rumfar kwano a gefen tudu, babu bango ko ɗaya, inda mijinta yake rataye taru da kifi, ita kuma take shanya wanki. Ta nuna mini ƙasa. Daga bakin gabas, taku biyu a jiƙe, sauran a bushe ƙurmus. Ta ce iyakar inda ruwa ke kaiwa ke nan, don kullum ta gefe ɗaya yake zuwa. Ta ce kada in kwantar, in rataye, iska ta bi ta gaba da baya. Na ce a gidanmu ba a rataye kilishi kamar ɗan kamfai. Ta ce a gidanku akwai teku?

Na wanke sauran naman da ruwan gishiri, na tsane shi, muka ɗaura igiyoyi, muka rataye da maƙalan wankinta. Mahaucin Bichi yana shanya nama da abin maƙale zane. Na ce Allah ya sa kada wani ɗan garinmu ya wuce. Fallayen nama suka shiga kaɗawa, kuma ko ƙuda ɗaya bai iya sauka ba, iskar ba ta ba shi wurin zama.

Da hantsi gabas ta sake yin baƙi. Na miƙe zumbur. Ta kama hannun rigata.

"Zauna."

Na zauna, idona na kan igiyoyin. Daga tudun kana ganin ruwan yana tahowa a kan teku kamar labule mai toka-toka, gefensa rana, bayansa rana. Ya iso ya daki kwano da ƙara, ya jiƙa taku biyun nan nata, ya haye gonakin rake ya tafi. Na taɓa naman, ko ɗigo. Wunin ranar ruwa ya zo ya fi sau biyar, tun ina miƙewa har na daina. Ta kawo mini shayi, muka zauna tana ba ni labarin mijinta, da yadda take gane dawowar kwalekwalensa tun daga nesa. Ta ce iskar nan daga wajenku take zuwa, babu ƙasa tsakaninmu da Afirka. Kafin la'asar naman ya bushe, yana ƙara in ka lanƙwasa.

Ummi ta leƙo rumfar ta ce, "Daddy, ya na ga kamar ya ragu?" Kafin in buɗe baki Mis Ayrin ta aike ta ɗauko tsintsiya.

Juma'a

Da safe Rabi ta daka ƙuli-ƙuli, na haɗa labu, wato kunun da ake tsoma naman a ciki: citta, kanumfari, masoro, barkono, albasa da gishiri. Na rage gishirin, don na lasa naman na ji iskar teku ta riga ta sa nata. Na tsoma falle-falle na mayar kan igiya. Yusuf ya kai ni masallaci a babban gari, yawancin masallatan 'yan asalin Indiya ne, suka karɓe ni hannu biyu. Muna cikin huɗuba na ji ruwa a kan rufi, na ji zuciyata ba ta ko motsa ba. Da muka dawo na tarar Mis Ayrin ta ja kujera bakin rumfa da sanda a hannu, tana gadin naman kada birai su ɗauka.

Asabar, ranar liyafa

Na hura gawayi da sassafe na gasa sama-sama, ƙamshi ya gauraye tudun, yara suka fara taruwa. Na yayyanka na jera a faranti. Ko ni da na yi, na san bai kai yadda ya kamata ba. Abin da zai cika manyan tire uku, da ƙyar ya rufe biyu.

Aka kafa tebura a tsakar gida, aka zo da makaɗa, mata da huluna masu faɗi, Rabi ta naɗa wa Ummi goggoro. Ruwa ya zo sau ɗaya, kowa ya ɗauki farantinsa ya raɓe, ya wuce, aka koma aka zauna, kiɗa ma bai tsaya ba. Da aka fito da kilishi Ankul Sam ya taso, ya tsaya a kan tiren, ya dube su, ya dube ni. Mutumin da ya yi kiwon dabba ya san nauyinta.

"Mista Garba," ya ce da muryar nan tasa da kowa ke ji, "cinyoyin sana biyu da gadon baya, su ne wannan?"

Na ga Ummi ta ɗago kai. Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, in ya so a yi ta ta ƙare. Mis Ayrin tana zuba shinkafa, ko juyowa ba ta yi ba.

"Sam, kifin da ka shanya ka taɓa ganin ya kai girman wanda ka kamo? Ci ka ba mutane wuri."

Aka fashe da dariya. Ya ɗauki yanki ya tauna. Idonsa ya kawo ruwa saboda yaji, ya sake ɗaukar wani, ya cusa na uku a aljihu. Sannan ya ɗaga hannuna sama ya ce san nasa bai mutu a banza ba. Kafin a jima tiren sun koma fes, tsofaffi suna lasar yatsa suna tambayar Ummi sunan abin, tana koya musu suna karyawa.

Na nemi Mis Ayrin da ido don in gode mata. Ta wuce ta gabana da tulin kwanuka, ta ce in matsa na tare hanya.

Dawowa

Litinin da yamma suka raka mu filin jirgi. Rabi da Ummi suka yi kukansu. Na ja Mis Ayrin gefe, Turancina duk ya gudu, na ce mata ga Ummi nan, yarinya ce, za ta yi kuskure. Ta ce, "Wa ba ya yi? In ta yi, ina da shebur."

A cikin jirgi Rabi ta share ido ta dube ni.

"Malam, da za mu zo ko barci ba ka yi. Yanzu na ga kana murmushi. Hankalinka ya kwanta ke nan?"

"Ya kwanta."

"Me ka gani?"

"Na ga inda na bar ta."

Muka sauka Gatwick da safe cikin yayyafin nan na Landan da ba ya zuwa ba ya tafiya. Baba Saidu na jira, ya ɗaga akwati ya ji ba nauyi, ya ce lallai kasuwa ta yi kyau. Muka iso Woolwich lafiya kafin azahar.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Yusuf da ya faɗa mini gaskiya na ƙi ji, bai kuma taɓa tuna mini ba, da Ankul Sam da sansa. Mis Ayrin kuwa ban san da bakin da zan gode mata ba. Shekaru sun ja, Ummi ta haifi uku a gidan nan na kan tudu, kuma duk wasiƙar da ta aiko, da duk wayar da muka yi, ban taɓa jin alamar ta san abin da ke ƙarƙashin ayabar bayan gidansu ba. Rabi ma sai a wannan rubutun za ta sani. Ni na tona kaina, tsohuwar har yau ba ta faɗa wa kowa ba.